Batiri ya sauka: a tura mota ko a kai shi caji?

Idan batiri ya sauka, yawancin direbobin Kaduna hanya ɗaya suka sani: a tura motar, ko a jona waya da batirin maƙwabci, ta tashi, a ce altaneta, wato na'urar da ke ba batiri wuta in injin na aiki, zai cika shi a hanya. Ba a kashe ko kwabo, kuma ranar gaggawa babu abin da ya fi shi.

Sai dai aikin altaneta shi ne ba kayan wutar mota wuta da mayar wa batiri ɗan abin da tayar da inji ya ci. Daga Kawo zuwa kasuwa cikin cunkoso, ga fitila ga na'urar sanyi, me zai shiga batirin? Kullum yana zaune rabi da rabi, farantan cikinsa suna yin ɓawon da ke hana su riƙe wuta, altanetan ma yana ɗaukar zafi a banza.

Ɗaya hanyar ita ce a kwance batirin a kai wa mai caji, a Panteka ko cikin unguwa, ya kwana a kan wuta mai sauƙi. Akwai biya, akwai jira, balle in an ɗauke wuta. Amma zai cika sosai. Bayan ya huta, mitar auna ƙarfin batiri ta nuna wajen volt 12.6, in an mayar da shi mota injin na aiki, ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. A wajen mai cajin kuma ake buɗe murafen batirin ruwa a ƙara tataccen ruwa, ba na famfo ba, don zafin Maris da Afrilu yana ƙafar da shi, a kankare farin garin da ya taru a kawunansa.

Ni dai, batirin da ya sauka sau biyu a jere, wajen caji zan kai shi.