APK hannu da hannu, ko rumbun gayya?

Ƙanenmu na Tahoua ya tambaya: ya haɗa manhajar rubuta bashi don masu kanti, yana raba APK ɗinta, wato fayil ɗin da ake sa manhaja da shi a wayar Android, ta WhatsApp da Xender. Ya ci gaba a haka, ko ya kai ta rumbun manhajoji irin F-Droid ko Play Store?

Ƙanena, hannu da hannu na da daɗinsa, ban musa ba. Ba ka biyan ko dala, Xender ba ya cin mega, mai kanti ya karɓa nan take yana shan shayi. Wahalar tana zuwa ranar da ka gano kuskure. Na gani da idona a wata kasuwa nan Yamai: mutum uku a layi guda, kowa da irin tasa manhajar, ɗaya ma tun ta bara ce, lissafinta na cinye sifili. An gyara tuntuni, gyaran bai iso shi ba. Kuma fayil ɗin da ya bi waya goma, wa zai rantse ba a cusa masa wani abu a hanya ba?

Rumbu yana kashe wannan matsalar. Ka zuba sau ɗaya, sabon gyara ya bi kowa har wayarsa. Haka Debian, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, take yi da daɗewa. Fitowarta ta 2023 ta zo da kunshin manhaja sama da 64,000, duk daga ma'ajiya guda.

Sai dai rumbunan ba halinsu ɗaya ba. Play Store na karɓar dalar Amurka 25 sau ɗaya, sai ka nemo katin banki, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 na kwana 14. Amfaninsa, yana cikin kusan kowace wayar Android. F-Droid, wanda aka kafa a 2010, kyauta ne, amma sai ka buɗe lambobin manhajarka, wato rubutun da ka haɗa ta da shi, kowa ya gani, masu F-Droid da kansu za su gina ta daga nan. Akwai jira, kuma masu kantin naka ba su san shi ba, sai ka sa musu.

Da ni ne kai, tunda mutanenka 'yan kasuwa ne, Play Store zan fara. In ba sayar da ita za ka yi ba, ka buɗe lambobin ka ƙara da F-Droid. Masu gwaji 12 kuwa, sa sunana na farko.