Wace manhaja ce za ta nuna maka inda zafi zai taru a atiriyom?

Atiriyom, wato filin nan na tsakiyar gini mai rufin gilashi wanda benaye ke kewaye da shi, yana da halinsa. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ta hau ta kwanta ƙarƙashin rufi. Na ƙasa yana shan iska, mai ofis a hawa na biyar yana sharce gumi. Bambancin zafi har turi yake haifarwa, kusan faskal (ma'aunin matsin iska) 0.04 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya tsakanin ciki da waje. Tsayin mita 20 da bambancin digiri 5 zai ba da kusan faskal 4, kuma hakan ya isa ya jawo iska ta ƙofofin ƙasa ya fitar da ita ta tagogin sama. Kafin ka biya kuɗin lasisi, fara sanin me kake son gani a cikin wannan lamari.

In tambayarka ita ce wutar da na'urar sanyaya ɗaki za ta ci a shekara, EnergyPlus ta wadatar. Kyauta ce, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke ɗaukar nauyinta, kuma tana bin sa'o'i 8,760 na shekara cikin ɗan lokaci. Sai dai a tsarinta na asali tana ɗaukar iskar kowane ɗaki a gauraye take, zafi ɗaya daga ƙasa har sama. Ka ga abin da ka zo nema shi ne ta shafe. Dabarar da ake yi ita ce a yanka atiriyom ɗin hawa-hawa, a haɗa yankunan da AirflowNetwork, ɓangarenta mai lissafin yadda iska ke wucewa daga yanki zuwa yanki. Tana rage matsalar, amma fa kai ne ka ja layukan, ba iska ba. CONTAM ta NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ita ma haka take tunani, ta fi ƙwarewa wajen bin gurɓataccen iska daga ɗaki zuwa ɗaki.

Wanda ke son ganin inda zafi ya tsaya da idonsa, sai manhajar CFD, mai sare iskar zuwa ƙananan akwatuna, wani lokaci miliyoyi, ta lissafa gudu da zafin kowanne. Ansys Fluent, da kuma Simcenter STAR-CCM+ ta kamfanin Siemens, suna da tsada, amma akwai wanda za ka kira in ta cije. OpenFOAM kuwa a buɗe take ga kowa tun 2004. Kuɗin da ba ka biya ba, da lokacinka za ka biya shi, domin kusan komai a rubuce ake saita shi. Kuma duk wadda ka ɗauka, iskar da zafi kaɗai ke motsawa ba ta cika zama wuri ɗaya ba. Lissafin yakan ƙi daidaituwa, sai an koma bin sa daƙiƙa bayan daƙiƙa, nan kwamfuta ke kwana tana aiki.

A ganina, ƙaramin ofishin zane ya fi dacewa da manhajojin da ke tsakanin waɗannan nau'o'i biyu. DesignBuilder tana tafiya a kan EnergyPlus kuma tana da ɓangaren CFD, IES VE tana da MacroFlo da MicroFlo masu lissafin motsin iska. Ba su kai manyan manhajojin CFD iya siffa mai lanƙwasa ba, amma suna ɗauko zafin bango da gilashi daga lissafin shekara su miƙa wa CFD kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rana ba iskar take gasawa ba, ƙasa da bango take gasawa, su kuma su ɗumama iskar. In aka yi kintacen zafin bango, hoton zai fito da launuka masu kyau, amsar kuma ta banza.

Maganar hayaƙin gobara daban ce, FDS ta NIST aka gina domin ita, kuma kyauta ce.

Duk mai tallata maka manhaja, ko mai ba da shawara da za ka ɗauka ya yi aikin, tambaye shi ko lissafinsa ya haɗa da zafin da gilashi da bango ke watsa wa juna, sannan ko amsar na canzawa in aka ninka yawan akwatunan. Daga nan ka ce ya nuna maka atiriyom guda da aka rataye ma'aunan zafi daga ƙasa zuwa rufi, aka gwada abin da suka auna da abin da manhajar ta faɗa.