Gwajin ruwan kunne: kuɗina bai tafi a banza ba

Ɗana ya kamu da ciwon kunne bayan wankan kududdufi da damina. Kunnen ya kumbura, ko taɓawa aka yi sai ihu, ga ruwa mai kore-kore yana fita. Mai kemis ya ba da Ampiclox, ciwo ko gezau. Likitan kunne ya duba ya ce cutar a mashigar kunne take, ba ta taɓa dodon kunne ba, sai ya tura mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kano.

Ɗibar ruwan ba wuya. Ma'aikaciyar ta ɓare sabon tsinke mai auduga a gabana, ta lakato ruwan a hankali. Jiran ne aiki. Shafa shi suke yi a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, su ajiye a na'ura mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, na awa 24 zuwa 48. In abu ya tsiro, sai a gwada masa magunguna a ga wanda ke kashe shi. Duk wanda ya ce zai ba ka wannan sakamako a rana ɗaya, yi hattara da shi.

Sakamako ya nuna Pseudomonas aeruginosa, ƙwayar bakteriya da ke son wuri mai danshi. Ita da Staphylococcus aureus su suka fi jawo irin wannan ciwo. Ashe Ampiclox ba ya mata komai. Ciprofloxacin na ɗigawa likita ya rubuta, kumburi kuwa ya saɓe. Masu gwajin sun kuma duba ko akwai naman gwari, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, irin Aspergillus, wanda maganin bakteriya ba ya kashewa.

Inda suka gaza shi ne bayani. Takarda cike da S da R, na tambayi yarinyar da ke ba da sakamakon, ta ce, "Baba, kai wa likitanka kawai." S na nufin maganin zai yi aiki, R ba zai yi ba; faɗin haka ai bai fi ƙarfinta ba. Babu kuma wanda ya tambaye mu ko yaron na kan magani, alhali hakan kan hana ƙwayar tsirowa a faranti. Kuɗin ma da ɗan nauyi.

Likita ya ce ba kowane ciwon kunne ke buƙatar gwajin ba. Amma wanda ya ƙi jin magani, ko yake dawowa, ko na mai ciwon suga, wanda kan ci har ƙashi, wannan a yi masa.