Na biya kuɗin guruf ɗin littattafan soyayya, ga abin da na tarar 'yan matanmu na karantawa

Idan aka tambaye ni ko guruf ɗin littattafan da ake biyan kuɗi a WhatsApp ya cancanci kuɗinsa, zan ce e, ga babbar mace wadda ta san fari ta san baƙi. Idan kuwa aka ce ko zan bar yarinya 'yar shekara 15 a cikinsa ita kaɗai, ba zan yarda ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne, da yawa daga masu magana a guruf ɗin da na shiga 'yan sakandare ne. Ba sai an gaya maka ba, don za ka ga wata ta rubuto: "Anti don Allah ki sako mana da wuri, gobe muna da jarrabawa."

'Yar ƙanena ce, wadda ke zaune a wurina tana aji biyu na babbar sakandare, ta roƙe ni kuɗin shiga. Na ce to, amma da lambata za a shiga, kuma a wayata za mu riƙa karantawa. Tsarin ba shi da wahala. Marubuciya takan fara sakin shafukan kyauta har labari ya ɗauko daɗi, sai ta tsaya cak ta ce mai son ci gaba ya biya. Ka tura kuɗi ta banki ko katin waya, ka ɗauki hoton shaidar biya ka aika wa wata lamba, a saka ka cikin guruf. Akwai lamba daban ta 'yan Nijar. Kuɗin bai kai na mudun shinkafa ba, sai dai akwai wani ɓangare da suke kira VIP, mai ɗan tsada, wanda ake fara sakar wa shafi kafin saura. A nan ba ni da ƙorafi mai yawa. An saka ni ran da na biya, shafi na zuwa kusan kullum da yamma, in an samu tsaiko marubuciyar kan fito ta ba da haƙuri, ko rashin wuta ko yaro ba lafiya. Kowane shafi kuma yana farawa da gaisuwa ga masoya da Allah-ya-isa ga duk wadda ta fitar da littafin waje ba ta biya ba, kuma ban ga laifinta ba, guminta ne.

Dole in yaba abu ɗaya da babbar murya: yarinyar nan da sai an yi da gaske take buɗe littafin makaranta, yanzu ita ke jiran shafi, ta karanta doguwar Hausa ba ta gaji ba. Marubutan nan sun iya hira. Suna sa uwa ta yi magana kamar uwa, ƙawa kamar ƙawa, habaicin kishiyoyi kuwa sai ka rantse a tsakar gidan kake. Sun san inda za su yanke shafi ranka ya kasa kwanciya. Rubutun ne dai ya ɓaci: a rubuta zuciya da x, ƙauna da q, a cusa Turanci inda Hausa ba ta gaza ba, babu waƙafi babu aya. Ɗalibar da za ta zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO ba za ta ƙaru da wannan ba. Amma wannan ƙaramin laifi ne, edita zai iya gyara shi.

Babban abin yana cikin labarin. Littafin da ya fi kasuwa a guruf ɗin, da wasu da na bi bayansa, kusan ƙashin bayansu ɗaya. Yarinya ce marainiya ko 'yar talakawa, shekarunta ba su wuce na mai karatun ba. Jarumin kuwa babban soja ne ko likita ko ɗan hamshaƙin attajiri da ya dawo daga Ingila, miskili, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. Iyaye su haɗa su aure ba ya so. Daga nan shafi bayan shafi wulaƙanci ne: ya hana ta fita, ya ƙwace mata waya, ya kira ta ƙazamar ƙauye a gaban baƙi, ranar da ya gan ta tana gaisawa da ɗan'uwanta ya kwaɗa mata mari har bakinta ya fashe. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta dafa masa abinci. Can wajen ƙarshe ya kwanta ciwo, ta yi jinyarsa, ya gane ashe ita yake so, ya saya mata mota, su tafi Dubai.

Ba nuna mugun miji ne ya dame ni ba. Akwai su a duniya, kuma aikin marubuci ne ya nuna su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda alƙalamin ke tsaye a bayansa. Lokacin marin, ba zafin da yarinyar ta ji aka tsaya a kai ba, kyan idonsa aka tsaya kwatantawa, yadda ya kaɗa ya yi ja saboda kishi. Da na leƙa sharhin da ya biyo bayan shafin, sai ga 'yan mata na rubuta "wayyo, Allah ka ba mu miji mai kishinmu haka." Daren na tambayi tawa yarinyar me ta gani game da marin. Ta ce, "Gwaggo, ai so ne. Da ba ya son ta ina ruwansa da wanda ta gaisa da shi?" Na ce, "In mijin yayarki ya yi mata haka fa?" Ta yi shiru, can ta ce ai wannan daban, wancan labari ne. To amma a labarin ta fara koyon ba wa mari suna mai daɗi, kuma ba ta taɓa zama da namiji ba balle ta gwada abin da ta karanta da abin da ta gani.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma a kansa na daina ba ta wayar sai na riga ta karantawa. Jarumin ya yi wa yarinyar fyaɗe a farkon littafi, a buge, sannan aka shafe sauran littafin ana wanke shi, har ta aure shi kowa na murna. Ba hukunci, ba asibiti, ba wani babba da ya ce mata ba laifinki ba ne. A garuruwanmu da iyaye ke rufe irin wannan magana don gudun abin kunya, yarinyar da abin ya taɓa faruwa da ita za ta karanta wannan ta ƙara kulle bakinta.

Sauran saƙonnin ƙanana ne amma kullum ake maimaita su. Jaruma dole fara ce sol, mai gashi har gadon baya, ana cewa kamar Balarabiya. Muguwa kuwa baƙa ce mai ƙiba. Yarinyar da ke ganin man bilicin a kowane shagon kwalliya ba ta buƙatar ƙarin wannan. Makaranta kuma ado ce kawai: a ce jaruma na karatun likita, amma ba za ka taɓa ganin ta da littafi ba, ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa, ba ta taɓa rasa kuɗin rajista. Duk wata matsala boka ne ya haddasa ta, duk wata mafita mai kuɗi ne ya kawo ta.

Wasu marubutan sukan rubuta a saman shafi cewa littafin na matan aure ne, budurwa kar ta karanta. Na yarda da niyyarsu, amma wanda ke karɓar shaidar biya bai tambaye ni shekaruna ba, kuma ba ya tambayar kowa. Gargaɗin ma kamar ka ajiye alewa a gaban yaro ne ka ce kar ya taɓa. Tsakanin shafuka kuma ga tallar kayan mata da maganin ƙarin ƙiba, da lambar waya, a gaban yaran da ko NECO ba su yi ba. Wannan kam mai guruf zai iya hana shi yau in ya ga dama.

Ba na cikin masu cewa a hana littattafan soyayya. Mu ma da su muka tashi, muna karɓar haya a shagon unguwa muna ɓoyewa cikin littafin lissafi. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano tun 2001, kuma a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Karatun bai tsaya ba, daga baya ma waya ya koma, inda ba mai ganin bangon littafi balle ya ƙwace. Kuma wannan adabi da ake kira na kasuwar Kano ya taɓa faɗa wa 'yan mata magana mai nauyi. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu, ta koma karatu, ta tsaya da ƙafarta. Akwai soyayya a ciki, akwai kuka, amma yarinyar ce ke tuƙa rayuwarta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta nuna matanmu na iya rubuta gajeren labari mai ratsa zuciya ba tare da attajiri miskili ba.

Abin da na fahimta bayan zaman guruf ɗin shi ne, waɗannan littattafan ba don 'yan shekara 14 zuwa 18 aka rubuta su ba tun farko. Yarinya na gama tatsuniya da Magana Jari Ce sai ta faɗa kai tsaye cikin ɗakin matan aure, don tsakanin biyun kusan babu komai a Hausa. Ina labarin 'yar makarantar kwana da ƙawayenta? Ina na yaron da ke sayen ruwan kodin a ɓoye, abin da ya kai gwamnati ta hana shi a 2018? Ina na wadda wani ke yi wa barazana da hotonta a waya, ko wadda iyayenta suka rabu tana tsakiya? Samari kuwa an manta da su gaba ɗaya, sai dai su zo a matsayin direba ko ɗan aike.

Littafi ɗaya ne a guruf ɗin ya kusanci abin da nake nema. Yarinya ce da mahaifinta ya rasu, tana taya uwarta suyar awara da yamma, ta faɗi JAMB, ta sake zama, tana son karatun ungozoma. Akwai saurayi, mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, kuma ranar da ya ɗaga mata murya ta ce masa kar ya sake, ya dawo ya ba ta haƙuri. Tawa yarinyar ta fara cewa ba shi da armashi, amma shi ne kaɗai muka zauna muka yi gardama a kansa har aka kira isha'i, don ta ga kanta a ciki. Masu sharhi a ƙarƙashinsa ba su da yawa, marubuciyar ma ta rubuto cewa tana tunanin ajiye shi ta koma irin wanda ake saye. Na fita daga VIP ɗin wancan littafin da ya fi kasuwa, na tura mata kuɗin littafinta na gaba tun kafin ta fara, na kuma roƙe ta ta rubuta shekarun masu karatu a shafin farko, ta cire tallar magunguna daga tsakani.