Sikelin awon riɗi da na saya, da maganar sifilinsa

Kaka biyu ke nan ina aiki da sikelin nan mai nuna lamba, irin mai faffaɗan faranti a ƙasa da sanda a tsaye, wanda yake ɗaukar har kilo 300. A Kano na saye shi, motar haya ta kawo shi Gumel, daga nan muka ɗaure shi a bayan babur zuwa ƙauyenmu. Sana'ata sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma, in tara, in kai wa manyan 'yan kasuwa a Maigatari. Abokan sana'a sun yi ta kirana suna tambaya ko su saya, shi ya sa na ga gara in yi bayanin sau ɗaya kowa ya gani. A taƙaice, ku saya. Amma ku ji abin da idona ya gani tukuna.

Da, sikelin rataye nake da shi, mai allura. Allurar nan ba ta taɓa zama daidai a kan sifili ba, ko ta ɗan wuce ko ta ɗan gaza, kullum sai an murɗa ta da yatsa, manomi kuwa yana tsaye yana kallon yatsan. Ga kuma al'adar cire kilo guda a kowane buhu da sunan nauyin buhun. Ni ma an sha cire mini, kuma na san yadda abin yake ci a rai, domin buhun leda bai kai ko kusa da kilo ba. Mutum ya yi sharar gona, ya yi noma, ya yanke riɗinsa ya jingine shi ya bushe, ya kaɗe, matansa su sheƙe, sannan a ɗebe masa abin da ba a auna ba.

Wannan sikelin ya kashe mini rigimar. Akwai maɓallin da aka rubuta wa TARE, yara suna karanta shi da Hausa, wai tare. Sai ka ɗora buhun da babu komai a ciki, lamba ta fito, ka danna, ta koma 0.00 a gaban mai kaya. Daga nan duk abin da aka zuba nasa ne. Tsofaffin da ba su yi boko ba ma sun gane zagayen nan guda uku, wani dattijo ba ya yarda a fara zuba masa sai ya leƙo ya ce, "To, ya koma babu."

Wata ranar la'asar muna auna zoɓo a babban baho. Na ɗora bahon, na danna, sifili ya fito. Aka kira ni a waya, yaron da ke taimaka mini ya ɗauke bahon don ya kakkaɓe shi. Da na juyo sai na ga faranti wayam, allon kuma ya nuna 1.20 da ɗan layi a gabansa. Yaron ya ce, "Yaya, ya lalace. Babu komai a kai, kuma ya ce bai kai babu ba." Na mayar da bahon, sifili ya dawo. Na ɗauke, layin ya dawo. Na fi sau biyar ina yi. Wato babun da ke kan allo ba ita ce babun da ke kan faranti ba. Abin ya tsaya mini a rai har dare: idan ana iya sauka ƙasa da babu, ashe ita babu wani wuri ce da ake tsayawa a kai?

Bayan isha'i na kai wa Baffa maganar, shi ne limaminmu, a zaure ya yi karatunsa. Na zaci zai ce in bar wannan tunani, sai na ga ya gyara zama. Ya ce, "Ɗana, malaman tauhidi sun riga ka shiga wannan daji. Ma'adumi, wato abin da babu shi, shin abu ne ko ba abu ba ne?" Ya ce Mu'utazilawa, wani ɓangare na malaman nan, sun tafi a kan cewa abin da zai iya samuwa abu ne tun kafin ya samu, suna kafa hujja da aya ta 82 a Suratu Yasin, inda aka ce idan Allah ya nufi wani abu sai ya ce masa kasance, sai ya kasance. Sun ce ai an kira shi abu tun bai kasance ba. Ash'arawa kuwa, waɗanda ya yi karatu a kan tafarkinsu, sun ce abu shi ne samamme kawai, hujjarsu aya ta 9 a Suratu Maryam, inda aka ce wa Annabi Zakariyya an halicce shi a gabani alhali bai kasance komai ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to sifilin sikelina fa?" Ya ce wannan ba rashi ba ne, yarjejeniya ce tsakanina da mai kaya a kan inda za a fara ƙirga. Ya ƙara da cewa a lissafin Larabci ɗebewa ana ce mata ɗarhu, kuma daga baya na tabbatar daga wannan tushe kalmar da ke kan maɓallin ta fito.

Ƙanena da ke koyar da lissafi a sakandare ya ba ni ɗaya ɓangaren. Ya ce shi kansa sifili Larabci ne, sifr, ma'anarsa fanko. Wani masanin Indiya mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi a shekarar 628, kuma lambobin da ke ƙasa da sifili ya kira su bashi, na sama kuma dukiya. Da na ji kalmar bashi sai komai ya warware mini. Sikelin yana cewa ne yana bin mu baho guda. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ba shi da ko sisi ya fi wanda ake bi bashi kwanciyar hankali.

Ni dai ina tare da Baffa, rashi tsantsa ba abu ba ne, kuma ban taɓa ganinsa ba. Duk babun da na sani babun wani abu ce: babu hatsi a rumbu, babu ruwa a rijiya, rumbun da rijiyar kuwa suna nan. Sikelin ma haka yake, kuma a nan aibinsa yake. Giram 50 yake tsallakawa a kowane mataki, don haka ka zuba ɗan riɗi a tafin hannu ka watsa a faranti, zai ce maka 0.00. In ka kunna shi da ɗan kaya a kai, ya haɗiye nauyin ya mai da shi sifili. Mugu kuma zai iya danna maɓallin da dutse a faranti, ya zame dutsen, ya tauye wa manomi awo duk yini. Shi ya sa nake kashe shi in kunna a gaban kowane mai kaya, faranti a share.

Sauran matsalolinsa ƙanana ne amma na kullum. Ƙarfen da ke ƙarƙashin faranti lanƙwasawa yake yi kaɗan idan nauyi ya hau, lantarki ya mai da lanƙwasar lamba, saboda haka ƙasa mara daidai tana ruɗa shi. Sai da na yi masa ɗan daɓen siminti a rumfa. Da iskar hunturu lambar ƙarshe rawa take yi, musamman a buhun zoɓo mai girma da rashin nauyi, sai mun kare shi da zana. Baturi in ya yi sanyi sifilin ba ya zama wuri guda, mu kuwa ba wuta, wajen mai cajin sola nake kai shi duk bayan 'yan kwanaki. Baturin farko bai cika shekara ba ya daina riƙe caji, don haka wanda zai saya ya haɗo da na biyu tun daga Kano, ya kuma sa tela ya ɗinka wa allon riga saboda ƙura.