Bajon runduna ta 82 mai gammo da masu: ɗinkin ya yi, amma a duba gammon

Masu tambayata a kan bajon nan na yadi da ake sayarwa a intanet, na runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Boma lokacin yaƙin duniya na biyu, ga abun da na gani bayan nawa ya iso. Mai shagon ya faɗa tun farko cewa kwafi ne, ba asalin na zamanin yaƙi ba, kuma wannan gaskiyar tasa ta burge ni don akwai masu tsufar da sabon yadi da gangan su ce maka daga kafaɗar soja aka ciro.

Bajon dai siffar garkuwa gare shi, ruwan ɗorawa, a tsakiya masu biyu baƙaƙe, wato mashi biyu, sun gitta juna a kan gammo. Eh gammo, wanda ɗan dako ke naɗawa ya ɗora a ka kafin ya ɗauki kaya. An kafa rundunar a 1943, sojojinta daga Najeriya da Gwalkwas wato Gana ta yanzu, aka kai su Indiya a 1944 daga nan suka shiga yankin Arakan na ƙasar Boma, daji ne da tsaunuka da rafuka inda mota ba ta da hanya, to harsashi da abinci da magani duk a ka ake ɗaukarsu, jirgi ya jefo kaya ta sama mutane su kwasa su bi sojojin gaba da shi har bakin daga. Waɗannan masu dakon sojoji ne su ma, rukunoni na daban aka ware musu, da yawansu ba su riƙe da bindiga amma wuta ɗaya ake buɗe musu da kowa. Shi ya sa a wajena gammon nan shi ne ran bajon gaba ɗaya, mashi kam kowace runduna tana iya sakawa.

To a nan ne nake da ƙorafi. Ɗinkin kwamfuta ne, masun sun fito tsaf, tsininsu har kana iya jinsa da yatsa, bakin garkuwar an daje shi da kyau zare baya warwarewa. Amma gammon sai suka yi shi sumul, zobe kawai, babu alamar naɗi ko murɗi ko kaɗan, wanda bai san tarihin ba zai ɗauka tayar mota ce. Ko a bayanin kayan ma ba a ambaci masu dako ba sam, an rubuta masu biyu da da'ira an wuce. Wallahi abun ya taɓa ni, mutanen da suka ɗauki yaƙin a kansu a mayar da alamarsu da'ira. Na tura wa mai shagon saƙo, ya amsa cikin mutunci ya ce zai gyara rubutun, ɗinkin kuwa sai in an sake bugo wasu.

Launin ma ya ɗan yi ƙyalli da yawa, zaren roba ne, amma na jiƙa shi na gani bai zuba ba. Kuɗinsa da sauƙi, kuɗin aikowa ne ya fi ciwo, gara ku haɗu ku yi oda tare. Yana da na runduna ta 81 ma, mai baƙin gizo a kan ruwan ɗorawa, wannan kam ya fito ba laifi.

Wanda kakansa ya je Boma, ko malamin tarihi da ke son nuna wa yara dalilin da ya sa ake da barikin Myohaung a Legas da Dalet a Kaduna, sunayen wuraren da aka gwabza yaƙi a Arakan, da runduna ta 82 ta sojojin Najeriya a Inugu har yau, ya saya a sa a firam a rataye, kada a ɗinka a riga a fita da shi don kayan soja ba abun wasa ba ne a gari. Kafin ka biya dai ka ce ya turo maka hoton gammon daga kusa.