Minti Uku Kafin Barci: Saƙo Daga Ingila Zuwa Sakkwato

Assalamu alaikum, 'yan'uwana ma'aikatan ɗakin tiyata na Sakkwato. Kun tambaye ni abin da ya fi bambanta aikinmu na gida da na nan Ingila, kuma amsata tana cikin mintocin da ke gabanin a yi wa majinyaci allurar barci.

Ta fuskar kaya, tazarar babba ce. Iskar oksijin a nan ta bututun bango take zuwa, ba a gangaro silinda, ba a kuma fargabar ƙarewarta ana tsakiyar aiki. Gadon tiyata da maɓalli ake ɗaga shi. Akwai na'urar da ke hura oksijin mai ɗumi da laima ta hanci, har lita 70 a minti guda, akwai kuma wadda ke auna oksijin da majinyaci ke fitarwa, ba a fara allura sai ya kusa kashi 90 cikin ɗari.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya buƙatar lantarki. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai oksijin, kusan 78 naitirojin, don haka idan magani ya tsayar da numfashi, abin da ya rage a huhu shi ne guzurin mutum har a sa masa bututu a maƙogwaro. Shi ya sa ake manna takunkumi sosai a fuska, ya shaƙi zallar oksijin na minti uku, ko ya ja dogon numfashi takwas cikin minti ɗaya idan ana sauri. Ba a kwantar da shi shamɓal. Ana ɗaga ƙirji da kai kamar digiri 25. Mai ƙiba kuwa ana jera masa matasan kai ƙarƙashin kafaɗu da wuya, har ƙofar kunnensa ta yi daidai da ramin da ke saman ƙashin ƙirji.

Har yau ina tuna wata mai juna biyu da na kwantar a miƙe a wani asibiti can gida, na sassauta takunkumin saboda tausayin tsoron da na gani a idonta. Tana yin barci, lambar na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta fara zubewa da saurin da ya sa hannuna rawa. Allah ya kiyaye, amma kuskuren nawa ne, domin mai ciki guzurinta kaɗan ne, jikinta kuma yana cinye shi da wuri. Haka ma dattawanmu masu gemu: iska tana sulalewa ta cikin gashin, sai a shafa musu man da ake sa wa bututu, a riƙe takunkumin da hannu biyu.

Na saya muku na'urorin yatsa guda biyu da takunkumai masu girma dabam-dabam, har da na yara, zan aiko da su ta hannun mai tahowa gida, in sha Allahu.